Baffa, Goɗiyarsa da Ingarman Gwamnati

Ranar sadakar uku ni aka ba aikin shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, saboda haka duk abin da aka faɗa a kan Baffa a kunnena aka faɗe shi. Ban so in saurara ba. Na san halina, in magana ta shige ni sai ta yi mako tana damuna. Amma a wurin makoki mutum ba ya toshe kunne.

Motoci uku suka zo daga Kano. Duk faɗin filin nan ba su ga wurin tsayawa ba sai jikin turken Baffa, har ɗaya ta hau kan tsohuwar igiyar dabaibayin da ba wanda ya tuna ya ɗauke. Masu manyan riguna suka fito, ƙamshin turarensu ya riga sallamarsu isowa. Wani mai tumbi ya zauna, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Allahu akbar. Marigayi ya san doki." Wannan bawan Allah, in ka ɗaure masa goɗiya da alfadari, ba zai rarrabe su ba sai an liƙa wa kowanne suna a goshi. Wani kuma ya ce ya taɓa hawan dokin Baffa har Kazaure. Ba na so in kira mutum maƙaryaci a rubuce, amma shekara talatin ina gidan nan, ban taɓa ganin Baffa ya bar mai takalmi sau-ciki ya sa ƙafa a likkafarsa ba.

Duk wannan da na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na babban ɗan marigayi, wanda nake kira Yaya, ma'aikacin gwamnati ne a Kano. Ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga murya yadda na bayan zaure ma za su ji, ya ce, "Ai Baba mutum ne mai hangen nesa. Daga Roni har Gwiwa, shi ne na farko da ya kai goɗiyarsa wurin ingarman gwamnati aka yi mata baye na zamani. Lokacin mutanenmu suna cikin duhun kai."

Aka yi ta gyaɗa kai. Mai tumbi ya ce, "Ka ji manya."

Can gefe, a ƙarƙashin darbejiya, wani tsoho siriri yana zaune a kan buzunsa, bai hau tabarmar kowa ba. Surukina ne, mahaifin matata, Bafulatani daga wata ruga a ƙasar Gwiwa. Shekara shida rabonsa da ƙofar gidan nan. Da Yaya ya yi wannan magana sai na saci kallonsa. Yatsun ƙafarsa kawai yake duba.

Dalilin wannan rubutu ke nan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in ƙara wa mamaci abin da bai yi ba ko in rage masa. Abin da na gani da idona zan faɗa. Wanda aka ba ni labari zan ce ba ni aka yi.

Baffa yayan mahaifina ne. Ina aji uku mahaifina ya rasu, shi ya ɗauke ni, shi ya bar ni na gama makaranta, na zama mai karanta wa gida wasiƙa da takardar haraji. Mai-takarda yake kira na, kuma duk wanda ya ji yadda yake jan sunan ya san ba yabo ba ne.

In baƙo ya zo a kan doki, Baffa ba ya fara gaishe shi. Sai ya zagaya, ya dafa dokin, ya ɗaga ƙafar gaba, ya kankare kofaton da bayan wuƙa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Sai ya ajiye ƙafar sannan ya ce sannu da zuwa. Wata rana wani Alhaji mai fataucin gyaɗa ya zo da wani doki kili mai sheƙi, yana jiran a yaba. Baffa ya duba ƙafa biyu, ya miƙe, ya ce, "Maraba da Alhaji. Wannan a kan katifa aka raine shi?"

Alhajin ya ce, "Haba Malam, dubi fuska, dubi wuya."

Baffa ya ce, "Na gani. Ni dai ba a kan fuskarsa zan je Roni ba."

Ƙasarmu duwatsu ce. Wanda ya zo daga rairayin Babura ba zai gane ba sai ya bi hanyar da muke bi zuwa kasuwa, inda tsakuwa take da kaifi kamar an wasa ta. Dokin da kofatonsa ke da taushi, damina ɗaya ta ishe shi gurguncewa. Shi ya sa Baffa ya raina abubuwa da yawa, kuma bai iya ɓoye raini ba. Ya raina mai cika wa doki ciki da dusa ba ya hawansa. Ya raina mai sayen doki a kasuwa bai tambayi uwarsa ba. Da kuɗin fetur suka shigo gari, samari suka fara sayar da dabbobin iyayensu suna sayen babur, sai ya ce ya ga abin hawan da in ya ji ƙishirwa sai an tura shi.

Goɗiyarsa Bidi muke ce mata, saboda launinta. Shekarar da aka samu 'yancin kai aka haife ta, kuma da ita yake lissafin shekaru: abu kaza ya faru Bidi tana shekara huɗu, wane ya yi aure Bidi tana da cikinta na biyu. Ba kyakkyawa ba ce. Gajera ce, ga ƙaton kai. Amma kofatonta baƙi ne, ƙarami, mai tauri kamar dutsen niƙa. Uwarta ta gidanmu ce, kakarta kuma ita ce wadda kakanmu ya zo garin nan a kanta.

Akwai wata al'ada tsakanin gidanmu da rugar surukina tun zamanin iyayensu. Goɗiyar gidanmu ba ta zuwa wurin kowane doki sai nasu. In lokacinta ya yi, a ja ta zuwa Gwiwa da goro da ɗan ƙunshin kanwa, a kwana uku a can. Ba ciniki a ciki. Baffa ya ce wanda ya sayar da bayen dokinsa, gobe zai sayar da sallama. In an haifi mace, tamu ce. In namiji ne, su za su fara cewa suna so ko ba sa so. Dawakinsu ma irin Bidi ne, gajeru, marasa kyan gani, masu ƙafar dutse. A irin wannan tafiya na fara ganin matata, tana dama fura a gindin bukka, kuma Baffa ne ya nema mini ita a wurin amininsa.

Bidi ta haifi maza biyar da mace ɗaya, macen kuwa maciji ya kashe ta tana wata bakwai. Shekarar da nake ba da labarinta Bidi ta tsufa, bayanta ya fara lotsawa. Baffa ya ce haihuwa ɗaya ta rage mata, in Allah ya so. In ba a samu duƙusa mace a wannan karon ba, jinin goɗiyar kakanmu ya ƙare.

A shekarar ne Yaya ya biya masa kujerar Makka. Da safen da za a kai shi Kano ya hau jirgi, ya kira ni bakin turke. Ya ce, "In ka ga tana ɗaga wutsiya, tana yawan fitsari, tana neman turke da faɗa, ka bari a kwana biyu, ka kama hanyar Gwiwa. Na riga na aika wa surukinka, ya ɗaure dokinsa yana jira."

Na zaro fensir na rubuta a bayan wata tsohuwar ambulan.

Ya ce, "Har wannan sai an rubuta? Allah ya shirye ka, Mai-takarda."

Bai fi kwana goma da tafiya ba Yaya ya zo da sabuwar motarsa. Ya miƙo mini wani kati mai kauri. A jiki an buga sunan Baffa da tafireta, ga wani shuɗin hatimi a ƙasa. Ya ce gwamnati ta kawo wani ingarma daga ƙasar waje, an ajiye shi a gandun kiwonta da ke kan hanyar Kano, likitocin dabbobi ne ke kula da bayen, kuma sai mai hanya ke samun layi.

Na ce, "Yaya, Baffa ya ce Gwiwa."

Ya ce, "Baba yana Makka. Kai kana so mu dawwama muna haifar jakuna muna kiransu dawaki?"

"Amma an aika wa Baba na ruga, yana jira."

"Ya yi ta jira. Duba nan." Ya ɗora yatsa a kan hatimin. "An riga an shigar da sunan Baba a rajista. In ranar ta zo ba a kai ta ba, takarda za ta fito a tambayi wanda ya hana aikin gwamnati. Sunan wa kake so in ba su?"

Ya tayar da mota ya bar ni da kati a hannu.

Takarda biyu ne a aljihuna, ɗaya da rubutun fensirina, ɗaya da hatimi. Nakan fito da su in jera a kan gwiwa in yi ta kallo. Yau na san ba wanda zai zo ya kama mutum don bai kai goɗiya baye ba. Ko a lokacin ma, ina jin wani sashe na zuciyata ya sani. Amma ni mutum ne da in na ga hatimi sai in miƙa wuya. Bidi ta fara ɗaga wutsiya daidai da makon da aka rubuta, sai na ce wa kaina wannan alama ce. Na sa mata ragama, muka fito, inda hanya ta rabu na juya wa Gwiwa baya.

Gandun an shafe shi da farar ƙasa, ƙasan bargar siminti ne. Ingarman kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, bayansa ya kai kafaɗata, jikinsa na ƙyalli, in ya taka sai ka ji ƙarar takalmin ƙarfe. Ba zan zalunci ma'aikatan ba. Sun wanke Bidi, sun duba bakinta, sun yi mata allura, sun aske mata gindin wutsiya sun naɗe shi da bandeji, komai a tsabtace. Wani mai farar riga ya zagaya ta da tef yana awo, yana rubutawa. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka tabbata goɗiya ce ka kawo mana?" Sauran suka yi dariya, ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Amma duk awon nan ba wanda ya sunkuya ya ɗaga ƙafarta. Ni kuma na so in ɗaga ta ingarman, kamar yadda na ga ana yi tun ina yaro. Na matsa kusa har sau biyu. Na ji tsoron kada a ce na taɓa kayan gwamnati.

Wani dattijon lebura da ke kwashe kashin doki ya tambaye ni daga ina. Na gaya masa. Ya ce, "Cikin duwatsu? To fa. Wannan ko tsakuwa ba a bari ya taka." Ya ci gaba da shararsa. Bayan kwana huɗu na dawo na karɓe ta, aka ƙara wa katin hatimi na biyu.

Ranar da Baffa ya dawo, gida ya cika, ana ta rabon dabino da zamzam. Da jama'a suka ragu sai ya nufi turke, ina biye da shi. Ya shafa wuyanta, ya zagaya baya, ya tsaya.

"Wa ya aske mata wutsiya?"

Na miƙa masa katin. Bai iya boko ba, ya juya shi sama da ƙasa, ya maido mini. "Karanta."

Na karanta.

Ya ce, "Ina inda aka rubuta uwar dokin?"

Na ce babu.

"Ina inda aka rubuta ƙafarsa?"

Na ce babu.

Ya ce, "To adana shi da kyau. In ta haihu sai ka ɗaura wa takardar sirdi."

Da Yaya kuwa an yi ta a zaure, har matan gida suka taru a bayan ƙofa. Yaya yana cewa, "Baba, likitoci ne fa, sun yi karatun abin a ƙasar Turawa." Baffa ya ce, "Madalla da su. Cikinsu wa ya taɓa hawa daga nan zuwa Roni da damina?" Yaya ya ce nan da shekara kaɗan kwalta za ta iso ko'ina. Baffa ya ce, "In ta iso ka aiko mini. Kafin nan, kai da ba ka san ta ina ake sa linzami ba, kada ka sake yi wa dabbata aure." Yaya ya fita bai ci abinci ba. Ni ban sha ko zagi ɗaya ba, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da hantsi ya ari dokin maƙwabci ya tafi Gwiwa shi kaɗai. Abin da ya faru a can ban gani ba, matata ce ta ji daga bakin mahaifiyarta. Wai ya zauna a gaban amininsa, ya ajiye goro, ya ce, "Ni na bar sallahu a kai ta wurin na gwamnati. Na ga kowa yana ci gaba, na ce kada a bar ni a baya." Wai surukina ya tura masa goronsa da bakin sanda, ya tashi ya shiga cikin shanu.

Daga ranar ba wanda ya sake taka ƙofar wani. Abota ta shekara arba'in. Matata ta yi kuka, ta ce ba ta taɓa zaton Baffa zai yi wa mahaifinta haka ba. Ina zaune a gefenta. Na ce mata sai haƙuri.

Bayan wata goma sha ɗaya Bidi ta haihu da hantsi. Namiji ne, dogo, mai siririn wuya, kyakkyawa ƙwarai. Mutane suka yi ta zuwa kallo, waɗanda a da suke yi wa Bidi dariya suna cewa Baffa ya yi dabara. Yaya ya zo da mai hoto daga Kazaure. Baffa ya jira kowa ya watse, ya sunkuya, ya ɗaga ƙafar duƙushin, ya duba farin kofaton mai faɗi. Ya ajiye a hankali. Ya ce, "Zai yi kyau a hoto."

Bai wulaƙanta shi ba, wannan dole in rubuta. Harawar da yake ba Bidi ita yake ba shi. Da ya isa hawa, ya hore shi da kansa, ya bi da shi hanyar kasuwa. Da la'asar na hango su suna saukowa daga dutse, Baffa a ƙasa yana jan ragama, dokin yana ɗingishi, kofaton gaba ya tsage har yana jini. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu ya tako tun daga can. Ya wanke ƙafar da ruwan ɗumi, ya ɗaure, ya ce a aika wa Yaya ya zo ya ɗauki dokinsa ya kai shi inda kwalta take.

Bidi ba ta sake ɗaukar ciki ba. Ko da za ta ɗauka, ina za a kai ta? Ta mutu shekara biyu kafin shi. Bai sake ɗaure komai a turken ba, bai kuma bari a tumɓuke shi ba.

Sau ɗaya na yi ƙoƙarin buɗe maganar. Yana cikin ciwon ajali, ina zuba masa ruwan alwala. Na ce, "Baffa, zancen Bidi, ina so in je Gwiwa in..."

Ya ce, "Yaranka nawa yanzu?"

Na ce huɗu.

Ya ce, "To. Zuba ruwan, Mai-takarda, azahar na wucewa."

Wannan shi ne mutumin da aka zauna a ƙofar gidansa ana yabonsa da hangen nesa. Ƙaryar da ya yi wa kansa don ya rufa mini asiri, ita ɗansa ya ɗauka ya yi rawani da ita a gaban baƙi, alhali ya fi kowa sanin wanda ya kawo katin. Ni kuma da na fi shi sani ina tsaye da tabarma a hannu.

Da aka shafa fatiha, surukina ya naɗe buzunsa. Na bi shi in taka masa, ina baya da taku uku kamar yadda ya kamata. Tun da na auri 'yarsa magana ba ta taɓa haɗa mu ba in ban da gaisuwa. Da muka zo turken sai ya tsaya. Motocin sun tafi, ɗaya ta bar baƙin mai a inda Bidi take kwanciya. Ya sunkuya ya ɗauki igiyar dabaibayin, ya kakkaɓe ta, ya rataya a kan turken. Bai dube ni ba. Da itacen yake magana.

Ya ce, "Mutumin da ba ya gaishe ka sai ya duba ƙafar dokinka, shi ne zai aika da goɗiyarsa wurin mai takalmin ƙarfe? Tun bai rufe baki ba na san ba shi ba ne."

Na ce, "Baba..."

Ya ɗaga sandarsa kaɗan, na yi shiru.

"In na ce na gane, to wanda ya ci amanata mijin 'yata ne, sai in aiko a ɗauko ta. Shi ya san haka, ni na san haka. Ya kawo mini ƙarya, na karɓa. Na tura masa goronsa. Shekara shida ban sha fura da shi ba."

Ya gyara buzun a kafaɗa ya fara tafiya. Sai ya ce, har yanzu bai waiwayo ba, "An ce ka iya rubutu. To rubuta wannan."

Na rubuta. Babu hatimi a jiki, amma gobe in Allah ya kai mu zan karanta wa matata, sannan in aika wa Yaya nasa.

Allah ka jiƙan Baffa. Ya rufa wa wanda bai cancanta ba asiri, ka rufa masa nasa ranar da komai zai fito fili. Ka sa ƙasar da yake kwance ta yi masa taushi, shi da ya ƙare rayuwarsa a kan duwatsu. Amin.